Ra'ayinmu: Harsashin Dalma Da Naman Da Ke Shiga Tukunyarmu

Kowace shekara, da zarar watan Agusta ya kama, Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ta Gana yakan fito ya shelanta cewa an rufe farauta daga 1 ga watan har zuwa 1 ga Disamba, domin a bar dabbobi su haihu, su kuma yi renon 'ya'yansu. Gyazbi kaɗai, wanda maƙwabtanmu ke kira akranti, aka ɗauke wa wannan doka, shi ma sai mutum ya yanki lasisi. Kowace shekara kuma jawabin kusan iri ɗaya ne: a daina kashe mai ciki, a daina cinna wa daji wuta, a daina zuba guba a mashayar dabbobi. Duk wannan daidai ne, kuma wannan jarida tana bayansa. Sai dai akwai tambaya guda da ba kasafai ake jin ta a bakin jami'ai ba, wato da mene ne ake harbin dabbar, kuma ina abin da aka harbe ta da shi yake ƙarewa?

Amsar ita ce dalma. Akasarin maharban ƙasar nan suna amfani ne da bindiga mai baki ɗaya, wadda ake sa wa harsashin nan da ake kira AA ko BB, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyin dalma masu nauyin giram 30 ko fiye. Idan aka harbi gada ko mazo ko zabon daji, wasu ƙwayoyin su watse a ƙasa, wasu su faɗa ruwa, sauran kuwa su zauna a jikin naman. A nan za a yi bandarsa, a nan za a ɗora shi a mota, a nan zai shiga miya.

Mai karatu na iya cewa, to me ya haɗa mutumin Tudu ko Nima ko Mamobi da farauta, alhali ko kurege ba ya gani sai a talabijin? Alaƙar tana da yawa. Mu ne mahautan garin nan tun zamanin da kakanninmu suka zauna a Zango Len da Kawu Len, kuma har yau hannunmu bai fita daga cinikin nama ba. Motocin da ke zuwa daga Ho da Hohoe da Aflawo a Tudu suke sauke kaya, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Kumasi ko ta Kef Kos ya ga samari a bakin titi sun ɗaga gyazbi da gada suna yi wa direbobi talla. 'Yan uwanmu na Damongo da Bole da Salaga da Atebubu da Ejura, da yawansu maharba ne ko maƙwabtan maharba, kuma idan za su zo Ankara ba su da tsarabar da ta fi bandar zabo ko ta barewa. Wani ƙiyasi da Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi a 1998 ya nuna cewa naman dajin da ake kashewa a Gana a shekara ya kai kimanin tan 385,000, wanda kuɗinsa ya tasam ma dala miliyan 350. Ko da a ce adadin ya ragu a yau saboda dajin kansa ya ragu, ba ƙaramin nama ba ne. Kasuwar Atwemonom ta Kumasi ita kaɗai ta ishe mu shaida.

Mutanenmu, a yaba musu, suna da tsantseni a kan naman daji. Kafin dattijon Zango ya sa loma a baki sai ya tambaya wa ya harbe shi, an ambaci sunan Allah, an same shi da rai an yanka ko mushe ne. Tambayoyi ne masu kyau. Abin da muke so shi ne a ƙara guda ɗaya a kansu, domin nama yana iya zama halal ta kowace fuska, ya kuma zo da guba a cikinsa.

Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kan dalma ba, tunda ya ga aikinta a gida. Idan ba a manta ba, a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma da iyayensu ke daka wa a tsakar gida. Likitocin ƙungiyar MSF sun shafe shekaru a can suna jinyar waɗanda suka rayu, kuma garin Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Kafin nan, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sun mutu a wata unguwa ta Tiyaroy kusa da Dakar, inda jama'a ke fasa tsofaffin baturan mota suna tace dalmar da ke ciki domin sayarwa. Waɗannan su ne lokutan da gubar ta yi ƙara har duniya ta ji. Amma yawancin aikinta a ɓoye take yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin mutum da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai zuƙa idan sun ci abu ɗaya. Tana shiga ƙashi ta zauna shekara da shekaru. Idan mace ta sami ciki sai ta fito daga ƙashin ta bi jini zuwa ga ɗan tayi. A yaro tana dakushe ƙwaƙwalwa, a babba tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Yaron ba zai faɗi ba, ba zai yi zazzaɓi ba. Sai dai a wayi gari malamin makarantar allo da na boko duk suna ƙorafin ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba.

Gana ba ta tsira ba. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Gana ta yi tare da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth, wanda aka fitar a 2023, ya auna jinin yara fiye da 3,000 a yankunan Ankara da Ashanti da Arewa, aka tarar fiye da rabinsu suna da dalma sama da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗauki mataki. Binciken ya ɗora laifin a kan masu narka batur, da tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen ƙarfe, da kuma kwallin da iyaye mata ke ranbaɗa wa jarirai a ido, al'adar da babu gidan Zangon da bai san ta ba. Saboda haka ba muna cewa naman daji ne babbar ƙofar da gubar ke shigo mana ba. Abin da muke cewa shi ne dalma taruwa take yi, ba ta tambayar ta wace ƙofa ta shigo. Yaron da ya riga ya sha daga kwalli, ya sha daga tukunya, bai kamata a ƙara masa da na miya ba.

Akwai masu cewa ai abu ne mai sauƙi, idan haƙorinka ya ci karo da ƙwayar sai ka tofar. Wannan shi ne kuskuren da maharban Amurka ma suka daɗe a kai. Dalma ƙarfe ne mai laushi. Idan ta bugi ƙashi da ƙarfi sai ta farfashe, ta bar ɓurɓushi ɗaruruwa, wasu ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu. A 2008 wani likita a garin Bismak na Jihar Dakota ta Arewa, Dokta William Cornatzer, wanda shi kansa maharbi ne, ya ɗauki ƙulli kusan 100 na niƙaƙƙen naman barewa da maharba suka bayar sadaka ga gidajen ciyar da mabuƙata, ya sa su a na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Fiye da rabi suna da ɓurɓushin dalma. Hukumomin jihar suka ba da umarni a zubar da naman. A shekarar nan dai aka auna jinin mutum fiye da 700 a jihar, aka ga masu cin naman farauta sun fi waɗanda ba sa ci yawan dalma. Maƙwabciyarta Minesota ta yi nata gwajin, ta tarar ɓurɓushin yana iya tafiya har santimita 45 daga inda harsashin ya bi. Wato kusan kamu guda. Masu bincike a Sifen kuma sun nuna cewa dafa irin wannan nama da abu mai tsami yana narkar da dalmar ta shiga romo. Mai karatu ya tuna yadda ake dafa naman daji a gidajen fufu na garin nan: tumatir da yawa, wuta ta awa biyu ko uku, sannan kowa ya fi son romon.

Yanzu bari mu zo kan abin da wasu ƙasashe suka yi, domin a can ne za a ga cewa matsalar tana da magani.

A Amurka da Turai da Afirka ta Kudu akwai maharba da yawa da ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe. Suna ɗura nasu ne da hannu, bisa izinin dokar ƙasashensu. Harsashin bindigar manyan dabbobi abu huɗu ne: kwanso na tagulla, da 'yar hular da ke tada wuta a gindinsa, da albarushi, sai kan da ke fita ya sami dabba. Maharbin yakan tsince kwanson bayan ya yi harbi, ya wanke, ya gyara, ya sake cika shi, yana auna albarushin da sikeli mai gane ƙasa da nauyin ƙwayar gero. Dalilinsu biyu ne, arha da kuma samun harsashin da ya dace da bindigarsu daidai. A hannun irin waɗannan mutane ne kan harsashi na jan ƙarfe zalla ya fara samun karɓuwa. Wani Ba'amurke mai suna Randy Brooks, mai kamfanin Barnes a Jihar Yuta, shi ya fito da shi kasuwa a 1989. Abin lura, ba don lafiyar jama'a ko ta tsuntsaye ya yi ba. Damuwarsa ita ce kan dalma yana wargajewa a jikin babbar dabba kafin ya kai ga zuciya ko huhu, dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu a wani wuri, ko ta juyo kan maharbin. Nasa kuwa an yi masa rami a baki, idan ya shiga sai ya buɗe kamar fure mai ganye huɗu, ya ratsa, bai zubar da komai ba. Kan dalma yakan rasa kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a cikin naman, wani lokaci fiye. Na jan ƙarfe sau da yawa akan ciro shi da kashi 95 cikin 100 na nauyinsa ko sama.

Ba a ce babu wahala ba. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, domin idan dalma ta auna 11, jan ƙarfe mai girmanta zai auna 9 ne. Saboda haka kan jan ƙarfe ya fi tsawo, yana cin wurin albarushi a cikin kwanso, kuma taurinsa yana ƙara matsi a cikin bututun bindiga. Na farko-farkon sun riƙa barin dattin ƙarfe a bututu, maharba suka yi ta ƙorafi, sai a 2003 kamfanin ya yi wa jikinsa zobba don rage gogayya. Masu wannan sana'a sun san cewa ba a ɗaukar ma'aunin da aka saba da shi na dalma a ɗora wa jan ƙarfe. Wanda ya yi haka yana iya rasa ido ko yatsu. Sun kuma gane cewa yana buƙatar gudu sosai kafin ya buɗe, shi ya sa suke zaɓar mara nauyi. Duk wannan ilmi ne da aka tara a cikin shekara talatin da 'yan kai, a ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji da littattafan ma'auni da dokar da ke aiki. A yau mutanen da ke biyan dubban daloli su je harbin ɓauna a Tanzaniya ko Zimbabuwe, da yawansu irin wannan harsashi suke ɗauka, kuma babu mai cewa ɓauna ƙaramar dabba ce.

Doka ta biyo baya ne saboda tsuntsaye. Akwai wata ƙatuwar ungulu a Kalifoniya da ake kira kondo, wadda a 1982 saura 22 kacal suka rage a duniya. Da aka bi diddigi sai aka tarar babban abin da ke kashe ta shi ne kayan cikin dabbobin da maharba ke yasarwa a daji, cike da ɓurɓushin dalma. A 2008 jihar ta hana harsashin dalma a yankin da tsuntsuwar ke zaune, a ranar 1 ga Yulin 2019 kuma hanin ya game jihar baki ɗaya da kowace irin farauta. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma. Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu da bakin tafkuna daga Fabrairun 2023. A Yulin 2025 Birtaniya ta ba da sanarwar za ta raba maharbanta da ita cikin shekaru uku, daga 2026.

Ƙasar da ta riga kowa ita ce Denmak, wadda ta hana ƙwayoyin dalma tun 1996, ta kuma haɗa da harsashin manyan bindigogi a Afrilun 2024. Wannan ya kamata ya ba mutumin Ankara dariya. Bindigar tokar da kakanninmu suka yi farauta da ita, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, Turawan Ingila da sunan mutanen Denmak suke kiranta, saboda su ne suka yi ta sauke ta a gaɓar nan daga ganuwarsu ta Osu, kafin su sayar wa Ingila a 1850 su tattara nasu ya nasu. Waɗanda suka kawo mana sun yar tuni, mu muna nan riƙe.

Mu ma muna da ungulu, ko mu ce muna da ita a da. Dattawan mahauta na iya tuna lokacin da ba a iya feɗe sa a mayankar Jemis Tawun sai an sa yaro yana kora. Yau sai mutum ya yi wata bai ga ko ɗaya a sararin Ankara ba. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa ungulun nan tamu ta gari a jerin waɗanda suke gab da ɓacewa. Dalilan suna da yawa, ciki har da masu kama ta don tsibbu da masu zuba guba a mushe. Amma wani bincike da aka buga a 2018 a kan ungulaye fiye da 500 a Botsuwana ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku suna da dalma mai yawa a jini, kuma abin ya fi tsanani a lokacin farauta da wuraren farauta. Gana ta sa hannu a yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai, wadda tun farko ta nemi a daina amfani da dalma a fadamu. Muna da Sakumo da bakin kogin Densu a nan ƙofar gida, muna da Songor da Keta. Sa hannu an yi, saura aiki.

To shin muna kira ne ga maharbanmu su fara ɗura harsashin jan ƙarfe a gida kamar Amurkawa? Ko kusa. Muna so a fahimce mu sarai a kan wannan, musamman samarinmu masu yawon intanet da ke ganin hotunan Turawa a ɗakunansu da injin matsa harsashi. Dokar makamai ta Gana, tun daga ta 1962 da ta 1972, ta hana ƙera makami ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba, kuma mai yin haka gidan yari yake nema. Ko babu doka, hankali ya isa. Gidan haya a Nima yana iya ɗaukar iyali goma, ɗaki na jingine da ɗaki, kurfoti na ci a ƙofar kowa, wayoyin lantarki sun sarƙe kamar gidan gizo. Wanda ya ajiye albarushi a irin wannan wuri ba kansa kaɗai ya jefa a hatsari ba. Gobarar Kantamanto ta 2 ga Janairun 2025 ta nuna mana yadda wuta ke yi da wuri mai cunkoso, ita da tufafi kawai ta samu. Sannan ba mu manta da abin da ya faru a Janairun 2022 ba, lokacin da gungun samari biyu suka fito titin Nima da adduna da bindigogi da rana tsaka, duk ƙasar tana kallo, aka sake shafa wa Zango baƙin fentin da muka yi shekaru muna wankewa. Wani bincike na 2014 ya ƙiyasta cewa akwai ƙananan makamai miliyan 2.3 a hannun farar hula a Gana, kusan rabinsu babu rajista. Wannan ne ya sa Ministan Cikin Gida, Alhaji Muntaka Mubarak, wanda shi ma ɗan Zango ne daga Asawase, ya ba da wa'adin afuwa a ƙarshen 2025 domin masu irin waɗannan makamai su miƙa su. Ƙasar da ke wannan fama ba ta buƙatar ƙarin masu haɗa harsashi a ɗaka.

Gaskiyar magana ma, ɗurin hannu yana nan a ƙauyukanmu, kuma shi ne mafi muni. Maharbin da kuɗin harsashi ya gagare shi yakan tsinci tsohon kwanso ya sake cikawa, dalmar kuwa daga mataccen baturin mota ko na babur yake samo ta, ya narka a gwangwani a kan murhun da matarsa za ta ɗora tuwo, yara na zagaye suna kallo. Masunta ma haka suke yin dalmar da ke nitsar da taru. Wannan shi ne Zamfara da Tiyaroy a ƙaramin sikeli, gida-gida, ba mai ƙirgawa.

Abin da muke nema ya fi haka sauƙi, kuma yana hannun gwamnati. Duk harsashin farautar da ke shigowa ƙasar nan ta halal, da takardar Ma'aikatar Cikin Gida yake shigowa, ta hannun dillalai ƙalilan masu lasisi. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, mai sauƙin tsarewa. Ma'aikatar tana iya sharɗanta wa kowane dillali cewa wani kaso na abin da zai shigo da shi ya zama mara dalma, kason yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Da yake bindigoginmu masu watsa ƙwaya ne, abin da zai maye gurbin a yawancin lokuta ƙwayar baƙin ƙarfe ce, ko ta wani ƙarfe mai laushi da ake kira bismut, sai dunƙulen jan ƙarfe ga babbar dabba irin su gadu. A nan akwai hatsarin da dole a faɗa wa mutane: ƙwayar baƙin ƙarfe tana da tauri, tsohuwar bindiga ko wadda maƙerin gida ya ƙera da bututun ruwa tana iya kumbura ko ta fashe. Saboda haka ba abu ne da za a yi da sanarwar dare ɗaya ba. Tunda kowace shekara mai bindiga yana zuwa wurin 'yan sanda sabunta lasisi, a nan ne ya dace a duba bindigar, a gaya masa irin harsashin da za ta iya ɗauka.

Sai kuɗi. Harsashi mara dalma ya fi tsada, kuma maharbin Larabanga ba zai biya ƙarin sidi ko ɗaya ba saboda ungulu. Ba ma ganin laifinsa. Jihar Arizona ta fahimci haka, shi ya sa tun 2005 maimakon hani ta riƙa raba wa maharban yankin kondo harsashin jan ƙarfe kyauta, wanda ya ƙi kuma a roƙe shi ya kwaso kayan cikin dabbar kada ya bari a daji, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 suka ba da haɗin kai. Gana ba ta da kuɗin rabon kyauta, amma tana da tsarin CREMA, inda al'ummomin da ke kewaye da gandun daji irin na Mole ke kula da namun yankinsu da kansu, tsarin da sabuwar dokar namun daji mai lamba 1115 ta ba shi ƙafar tsayawa. A fara da biyu ko uku daga cikinsu, a bar maharban su gwada da hannunsu, su gani ko yana kashewa ko ba ya kashewa. Maharbi ba ya jin wa'azin jami'in da ya zo daga Ankara da takalmi mai ƙyalli. Ɗan uwansa maharbi yake ji.

Akwai wani abin takaici da ba za mu wuce shi ba. Jan ƙarfen nan da ake yabo, shekara da shekaru samarinmu 'yan Arewa suna ƙona wayoyi a Agbogbuloshi don su ciro shi, suna shaƙar hayaƙin da ke cike da dalmar da muke magana a kai, a auna a ba su na abinci, a loda a kwantena a Tema a yi waje da shi. Da aka rushe wurin a Yulin 2021 sana'ar ba ta mutu ba, watsuwa ta yi cikin unguwanni. Mu ne masu tara ƙarfen, wasu ne masu more lafiyarsa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da uwar gida da mai sayar da abinci za su iya yi daga yau. Idan nama harbin bindiga ne, a yanke kewayen raunin da faɗi a zubar, duk inda jini ya taru ya yi baƙi a cire, kada a yi rowa. Kada a niƙa shi, domin niƙa yana raba ɓurɓushin ko'ina. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙasa da shekara shida su haƙura da shi gaba ɗaya, ga naman sa da na akuya a mahauta. Abin da aka yanke a binne, kada a jefa wa kare ko kaji. Mai sha'awar gyazbi kuma ya nemi na kiwo, tunda akwai masu kiwonsa a keji a kewayen Ankara, kuma sana'a ce da ta dace da matashin Zango mai ɗan fili a bayan ɗaki: ciyawa yake ci, ba ya kuka, ana yanka shi da wuƙa kowa yana gani, babu tambayar mushe balle ta dalma. Muna roƙon limamanmu da sarakunan Zango da shugabannin mahauta su ɗauki wannan magana kamar yadda suka ɗauki ta allurar shan inna, su kuma haɗa da ta kwalli, ko da iyayenmu mata za su ɗaure fuska.

Ga Hukumar Abinci da Magunguna, buƙatarmu ita ce ta sayi banda daga Atwemonom da kasuwannin Ankara da bakin hanyar Nkoko, ta auna, ta buga sakamakon a jarida da harsunan da masu sayarwa ke ji, har da Hausa. Na'urar hoton ƙashi da likitan Dakota ya yi amfani da ita akwai irinta a kowane babban asibiti a garin nan.

Ga 'yan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda ƙuri'un Nima da Mamobi suka kai su zauren, aikin da muke ba su ƙarami ne. Su nemi a cire harajin shigo da kaya daga kan harsashin farauta mara dalma, a bar shi a kan mai dalma, yadda farashin biyun zai matso kusa. A al'ada ana karanta kasafin kuɗi ne a tsakiyar Nuwamba, ana kuma buɗe farauta ranar 1 ga Disamba, mako biyu ke nan tsakani.